Yadda ƴan sa kai za su dasa itace a dajin gwamnati ya rayu har bayan rani

Kowace shekara ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kan Nijar kuma ranar dashen itace, matasan Damagaram kan fita da shebur da diga su dasa ɗaruruwan itatuwa. Wanda ya koma wurin a watan Afrilu shi ya san nawa suka rage. Abin yana da ciwo, domin yawancin waɗanda suka mutu an kashe su ne tun ranar dashe, da ƙaramin rami ko da barin su ba shinge.

Kafin a taɓa ƙasa, shugaban ƙungiya ya je ofishin ma'aikatan gandun daji. Daji irin na Takeita, kan hanyar Maraɗi, yana ƙarƙashin doka, ba a shiga a haƙa ko a sare sai da izini. Su ne za su nuna fili, su faɗi irin itacen da ya dace, sau da yawa ma su ba da dashen. Daga nan a gaida maigari da ardon makiyayan da ke kusa. Wannan gaisuwar ta fi shingen waya amfani, don su ne ke wurin bayan kowa ya koma gari. A tabbatar kuma filin bai hau burtali ba.

A zaɓi itacen da ya saba da ƙasarmu, inda damina ba ta cika wuce wata uku zuwa huɗu ba: daƙwara, bagaruwa, aduwa, magarya, kandili, da gawo inda ƙasa ke da yashi mai zurfi. Dogon yaro da mangwaro na cikin gari ne ko lambu, inda akwai mai ba su ruwa.

Rami shi ne rabin aikin. A haƙa santimita 40 faɗi, 40 tsawo, 40 zurfi, mako ɗaya ko biyu kafin dashe, don ruwan sama ya jiƙa shi. Ƙasar sama, wadda ta fi duhu, a tara ta gefe guda, a gauraya ta da shebur ɗaya na ruɓaɓɓen taki, ita za ta fara komawa cikin ramin. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona saiwa kuma yana kiran gara, kada a sa shi. Tsakanin rami da rami a bar mita 4 zuwa 5 ga daƙwara da bagaruwa, gawo kuwa mita 10.

Idan filin faƙo ne, wanda ruwa ke gudu a kansa ba ya shiga, rami kaɗai ba zai wadatar ba, sai an yi rabin wata, wato haƙa mai siffar rabin wata da ke tare ruwan sama. Ana zana shi da igiya mai tsawon mita 2 da turke, a haƙe cikinsa kamar santimita 20, a tara ƙasar a bayan lanƙwasar ta zama kunya, a daddanne ta. Bakin ya fuskanci inda ruwa ke gangarowa. Kuskuren da aka fi yi shi ne juya bakin ya dubi inda ruwa ke tafiya, sai ruwa ya bugi bayan kunyar ya wuce abinsa. Layi na biyu ya zauna daidai giɓin layi na farko, don ruwan da ya kuɓuce wa na sama ya faɗa na ƙasa.

Ana dashe bayan ruwa mai ƙarfi, daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta, da yamma ko da sassafe. Wanda ya kai Satumba ya makara, saiwar ba za ta kama ba ruwa zai ɗauke. A kwantar da ledar da dashen ke ciki, a yanke gindinta da wuƙa mai kaifi kamar faɗin yatsa ɗaya, don a cire saiwar da ta naɗe a ƙasa. In an bar ta a naɗe, itacen zai yi shekara biyu ko uku yana fama sannan ya bushe. A tsaga ledar ta gefe, a zare ta a hankali kada dunƙulen ƙasar ya fashe. Wuyan dashen ya tsaya daidai da fuskar ƙasa, a cika, a taka da dunduniya kewaye, a bar ɗan kwano da zai riƙe ruwa. Ledojin a tattara su a buhu a koma da su, akuya na cin su kuma suna toshe mata ciki.

A ranar ne ake yin shinge, ba gobe ba. Ƙayar magarya ko ta bagaruwa da aka rage daga rassa, da izinin ma'aikata, a kafa ta zagaye har ta kai ƙugun mutum. Akuya ɗaya na iya cinye aikin mutum ashirin kafin la'asar.

Daga nan sai a raba aikin rani tun ana tare, a rubuta sunaye, kowane mutum da layinsa. A Oktoba, da ciyawa ta fara bushewa, a share hanyar tare gobara kewaye da filin. Daga Maris zuwa Mayu, inda jarka ko amalanke za su iya kai wa, a ba kowane dashe kamar lita 10 sau ɗaya a mako, da yamma, a rufe gindin da busasshiyar ciyawa ba tare da ta taɓa jikin itacen ba. Ruwa kaɗan-kaɗan kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama.

Akwai kuma aikin da ya fi dashe sauƙi da tabbas, wato sassaben zamani, wanda ya mayar da gonakin Magarya, Matamaye da Mirya dajin gawo. A nemi kututturen sabara, kalgo ko gawo mai tohowa, a zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a cire sauran, a rage ƙananan rassan da ke rabin ƙasa. A sara daga ƙasa zuwa sama da kaifin gatari don ɓawon kada ya yage. Saiwar tana nan tun da daɗewa, ba ta neman ban ruwa.

Kowa ya zo da rufaffen takalmi da ruwan sha aƙalla lita 3. Kada a sa hannu ƙarƙashin dutse ko cikin tarin ƙaya sai an buga da sanda, saboda kunama da kububuwa. Masu dafa shayi su share wuri har ga yashi, in an gama a zuba wa gawayin ruwa, a binne shi.