Tiremolo ko Oktaf: Yadda Za Ka Zaɓi Harmonika Mai Layi Biyu

Tiremolo da oktaf iri biyu ne na harmonika, ɗan kayan kiɗan da ake busawa da baki. A ido kusan ɗaya suke. Kowacce tana da ƙofofi layi biyu, sama da ƙasa, kuma duk sautin da ka busa harsunan ƙarfe biyu ne ke kaɗawa tare. Bambancin yana cikin tazarar da aka bari tsakanin harsunan nan biyu.

A tiremolo, da gangan ake ɗan saɓa su. Idan ɗaya yana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, ɗayan kuma sau 443, kunne zai ji muryar tana rawa sau 3 a daƙiƙa. Wannan rawar ita ce tiremolon. A oktaf kuwa, harshe ɗaya yana ninka ɗan'uwansa cif, 220 da 440, kamar babba da yaro suna rera waƙa ɗaya. Muryarta cike take, da kauri, ba rawa ko kaɗan. In ka ji oktaf tana karkarwa, to saitinta ya goce.

Kada ka dogara da rubutun kwali. Toshe layin ƙasa da yatsa ko ɗan salatif, ka hura ƙofa ɗaya a sama, sannan ka juya ka gwada ta ƙasa. In sautin biyu kusan ɗaya ne, tiremolo ce a hannunka. In ɗaya ya yi can sama, oktaf ce. Daga nan ka bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya da numfashi mai sauƙi. A tiremolo mai kyau, rawar muryar takan ƙaru sannu a hankali daga hagu zuwa dama. Ta banza kuwa, wata ƙofar tana rawa kamar mai zazzaɓi, maƙwabciyarta shiru.

Inda aka fi yin asarar kuɗi shi ne wajen jerin sautuka. Tiremolo irin ta Japan da China, mai ƙofa 21 ko 24, kamar Suzuki SU-21 ko Tombo Band 21, tana da sautuka bakwai ɗin nan (do, re, mi, fa, so, la, ti) cikakku har a ɓangaren hagu mai kaurin sauti, saboda haka ta dace da mai son busa waƙa tsantsa. Sai dai a tsakiya ne kawai suke bin juna a jere. A gefuna biyu sun sha gaban juna: a mai ƙofa 21, re ce farko kafin do, fa kafin mi. Sabon shiga yakan ɗauka lalacewa ce, alhali haka aka ƙera ta. Irin ta Jamus, kamar Echo ta kamfanin Hohner da aka kafa a Trossingen a 1857, tana bin tsarin Richter, wanda ya cire fa da la a ɓangaren hagu don a samu haɗin sautuka masu raka waƙa. Wanda ya saba da ɗaya sai ya sake koyo in ya koma ɗayar.

A kula da lissafi ma. Lambar 48 a jikin wasu na nufin harsuna ne: ƙofa 24 a sama, 24 a ƙasa, sauti 24, rabi na hurawa, rabi na zuƙa.

Oktaf kashi biyu ce. Ta tsarin Biyana, kowane ɗaki da ke bayan ƙofa harshe ɗaya ne, kamar tiremolo. Ta tsarin Knittlingen, irin Seydel Concerto, kowane ɗaki yana da na hurawa da na zuƙa, ga ƴan bawul na roba da ke tare iska. Wanda ya iya ƙaramar harmonika mai ƙofa 10 nan take zai gane ta. Matsalarta bawul ɗin: in danshin baki ya taru sukan manne, sai ka ji sautin ya maƙale sannan ya fashe. Ɗumama ta a aljihu na ƴan mintoci kafin busa yana rage wannan.

Gangar jikin katako tana da daɗin riƙo, amma tana kumbura da yawu, ta motse idan ta bushe, har iska ta riƙa zurarewa. Mai zama inda hunturu ke tsaga leɓe gara ya nemi ta roba. In sukurori ne suka riƙe ta, za ka iya kwancewa ka wanke. Mai ƙusa sai gwani.

Ta farko a sayi C, wato wadda do ɗinta ke kan sautin C, don yawancin darussa da ita ake yi. Masu kiɗan Ailan sun fi neman D da G. Akwai mai fuska biyu, C a gefe ɗaya G a ɗayan, tana maye gurbin guda biyu amma tana da kauri a hannu.

Kowacce ka ɗauka, tana shan iska fiye da mai harshe ɗaya, oktaf ma ta fi, kuma lanƙwasa sauti irin na kiɗan bulus na Amurka ba aikinsu ba ne. Hurawa da ƙarfi ke gajiyar da harshe har sautinsa ya sauka, kuma da zarar ɗaya daga cikin biyun ya sauka, kowa zai ji. Bayan busa, ka ɗan bubbuga ta a tafin hannu, ƙofofi na kallon ƙasa, ka bar ta ta sha iska kafin ka mayar da ita cikin kwalinta.