Yadda ake kai ƙananan yara yawon buɗe ido bakin tafkin Madarunfa

Tafkin Madarunfa yana kudu da Maraɗi, tafiyar kamar kilomita 25, kuma tun 2019 yana cikin jerin wuraren dausayi da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Ramsar ke karewa. Wuri ne da yaro zai ga tsuntsun ruwa da idonsa. Amma duk shirin fitar ya rataya a kan abu ɗaya: yara su kalli ruwan, kada su shiga cikinsa.

A fara da zaɓen lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, domin tafkin yana riƙe da ruwan damina, rana ba ta yi zafi ba, kuma tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai sun iso. A bazara zafi yakan haura digiri 40, ƙaramin yaro ba ya jure wannan. A tashi daga Maraɗi bayan sallar asuba, a kasance a bakin ruwa kafin ƙarfe 8, a kama hanyar gida kafin la'asar. Tun jajibiri a tambayi wani mazaunin Madarunfa halin hanya, kuma kada a zarce cikin dazuzzukan da ke kusa da iyakar Najeriya.

Sai ƙidayar manya. Babba ɗaya ga yara biyu, wanda bai kai shekara 5 ba kuwa a ba shi nasa babban shi kaɗai. A faɗi sunan mai kula da kowane yaro tun cikin mota, don inda aka ce kowa yana dubawa, a nan ne ba wanda ke dubawa. Yaron da ruwa ya ci ba ya ihu, kuma ruwan da bai wuce gwiwar babba ba ya isa ya halaka mai tatata. Kada a ɗora wa yayarsa ƴar shekara 10 wannan nauyi.

Guzuri: ruwan sha lita 2 ga kowane babba, lita 1 ga kowane yaro, da wani bido daban na wanke hannu da sabulu. Burodi, dafaffen ƙwai, dabino da lemu ba sa lalacewa kafin azahar, fura kuwa takan yi tsami idan ta sha rana. Gyaɗa ba ta dace da wanda bai kai shekara 3 ba saboda shaƙewa. A ɗauki tabarma, hula, rigar sanyi don safiyar hunturu, da takalmi rufaffe. Silifa takan maƙale a laka, ƙarangiya da ƙaya kuma su sami ƙafa.

Da an isa, a gaida masunta da mutanen wurin, a tambaye su inda ƙasa ta yi tauri. Bakin tafkin da ruwa ya janye yana da yaudara: sama ya bushe ya tsage, ƙasa kuwa taɓo ne mai riƙe ƙafa. A shimfiɗa tabarma a inuwa, aƙalla taki 20 daga ruwa, a ja layi a ƙasa da sanda, a ce wa yara ba mai ƙetare shi sai hannunsa na cikin na babba. A bubbuga ciyawa da sanda kafin a zauna, saboda maciji.

Dalilin hana shiga ruwa ya wuce nutsewa. A irin wannan kwantaccen ruwa ake ɗaukar tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma cikin ƙananan katantanwa, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai tsoma ƙafa, ba tare da ya ji komai ba sai ɗan ƙaiƙayi. Sai bayan makonni ko watanni a ga jini a ƙarshen fitsarin yaro. Idan yaro ya faɗa ko ya tsoma jiki, a goge shi da tawul nan take, a sauya masa kaya, sannan a gaya wa likita. Gogewar ba ta kore cutar gaba ɗaya, amma akwai maganinta, praziquantel.

Kallon tsuntsaye kuwa yana son shiru da zama. A ce yara su zauna minti 10 ba motsi, su ƙirga irin da suka gani. Ga zalɓe can tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi, wuya a lanƙwashe, sai ya cake kifi da baki cikin ƙiftawar ido. Ga balbela tana bin sawun shanun da suka zo shan ruwa, tana tsintar farar da kofato ya tayar. Kirinjijiya kuwa kunne ke fara gano ta, da fitonta idan garken ya tashi. Kada a yi wa yara alkawarin shamuwa, baƙuwar damina ce, a hunturu ta riga ta tafi. A bar danƙon harbi a gida, a hana jifa. Tsuntsun da aka kora sau biyu ba ya dawowa wurin ranar.

Kwale-kwale ba na ƙananan yara ba ne in ba rigar kariya daga nutsewa daidai jikinsu. A gaɓa ma za su ga masunta suna zazzage karfasa da tarwaɗa daga koma. In an sayi soyayye, a cire ƙayar da hannu kafin a ba yaro. A gewayen tafkin akwai kaburburan da mutanen garin ke cewa na waliyyai 99 ne, ana zuwa ziyararsu, don haka a hana yara hawa ko wasa a kai.

Yaron da ya yi lakwas, leɓensa ya bushe, ya daɗe bai yi fitsari ba, ruwan jikinsa ne ya ragu. A kai shi inuwa, a haɗa lita 1 ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. In ya ƙi sha ko yana amai, a nufi likita ba jira. Kafin tashi a tattara leda duka a buhu, don shanu da awaki na haɗiye ta, sannan a ƙirga yara da suna kafin mota ta tashi.