Yadda za ka tsare uwar kuɗinka a zamanin taransifa da hawan farashi

Abubuwa biyu suka sauya kasuwancin Kano a ƴan shekarun nan. Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon 2023 ya tura jama'a ga taransifa da POS, kuma har yau ba su dawo ba. Sannan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, da sakin naira a kasuwar canji a watan Yuni, suka hana farashi zama wuri ɗaya. Daga Kantin Kwari zuwa Singa da Dawanau, duk wanda ya ci gaba da lissafi irin na da, uwar kuɗinsa yake ci yana zaton riba ce.

Fara da yanka farashi, don nan ɓarnar ta fi yawa. Kada ka ɗora riba a kan yadda ka saro kaya. Ɗora ta a kan abin da za ka biya idan ka koma sari yau. A ce ka saro turmin atamfa a naira 10,000, ka sayar 11,500. A ido ka ci 1,500. Ka koma wurin dila ka tarar turmi ya zama 12,000. Cinikin turmi 100, wato naira 1,150,000, yanzu turmi 95 kawai zai saro maka, tun ba a cire kuɗin dako da hayar shago da na yara ba. Kanta tana raguwa, littafi yana cewa riba. Saboda haka kafin ka buɗe shago, ka kira dilolinka biyu ka ji yadda kaya ya kwana. Idan kuma dala ta fara sauka, lissafin ya juya: saki tsohon kaya da wuri ko da ƙaramar riba, kada maƙwabcinka ya sauke sabo mai rahusa ya bar ka da naka a sito.

Sai taransifa. Hoton rasit da mai saye ya nuna maka a wayarsa ba kuɗi ba ne, haka ma saƙon tes, domin duka ana haɗa na bogi. Buɗe manhajar bankinka, ka ga kuɗin sun shiga, sunan mai turowa ya fito, sannan a ɗaure kaya. Idan ya ce an cire masa amma bai iso ba, ka yi masa magana mai daɗi, kayan su jira. Wanda kuma ya turo fiye da kuɗin kaya ya ce a ba shi ragowar a hannu ko a tura wani asusu, kada ka yarda. Mayar da su asusun da suka fito kawai. Idan kuɗin sata ne, naka asusun za a rufe.

Asusun shago daban, na cefanen gida daban. Na shagon ka mallaki biyu a bankuna mabambanta saboda ranar da sabis ya ɗauke, ka rubuta lambobin ɓaro-ɓaro a jikin kanta, don kada yaron shago ya riƙa ba da tasa. Kullum da yamma a haɗa tsabar kuɗi da na POS da na taransifa, a gwada su da littafin ciniki kafin a kulle. Giɓin kwana ɗaya ana gano shi, na wata guda sai rantse-rantse. Yi wa kasuwancin rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, asusun ya ɗauki sunan shagon. Manyan kamfanoni da bankuna shi suke dubawa kafin su amince da kai.

Bashi kuwa ba a raba shi da kasuwar Kano, musamman da ƴan sari masu zuwa daga ƙauyuka da Nijar. Amma shari'ar Musulunci ba ta yarda ka ƙara wa mutum kuɗi a kan bashin da kake bin sa don ya jinkirta biya ba, ga naira tana zubewa a hannunsa. Abin da ya rage maka shi ne gajarta wa'adi: mako biyu maimakon wata biyu, a karɓi rabi a hannu, a rubuta adadi da ranar biya gaban shaida, kuma ba a ɗora sabon kaya sai an sauke na baya.