Kurakuran da ake tafkawa ranar da aka kawo kwamfuta gida

Yawancin kwamfutocin da ke shiga gidajenmu ba su da wani kamfani da ke tsaye a bayansu. Ko dai ta hannu ce wadda aka gama mora a Amurka ko Ingila, ta biyo ta Computer Village da ke Ikeja ta iso Kano ko Kaduna, ko kuma sabuwa ce fil a kwali amma garantinta na wata ƙasa ne. Babu lambar da za ka kira a saurare ka. Na gaji da ganin ana kawo mini kwamfuta bayan 'yan watanni da matsalar da aka shuka tun ranar da aka saye ta, kuma kusan kullum kurakuran iri ɗaya ne.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne barin yaron shago ya buɗe maka asusu. Idan aka kunna Windows 11 karon farko, tana neman a shiga da asusun Microsoft. Kai kana sauri, shi ma ga wani mai saye na jiransa, sai ya ce “Alhaji kawo in saita maka komai.” Ya sa imel ɗinsa, ko ya ƙirƙiro wani da kalmar sirrin da kafin magariba ya manta. Abin da ba a gaya maka ba shi ne, musamman tun fitowar sabuntawar Windows 11 mai suna 24H2 a shekarar 2024, Windows na kulle duk abin da ke cikin hadis (hard disk, ma'ajiyar kwamfutar) da manhajar kulle bayanai mai suna BitLocker da zarar an shiga da asusun, sannan ta aika mabuɗin, mai lambobi 48, cikin wannan asusun. Ba za ka ga alamar komai ba. Sai ranar da aka sabunta BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfutar, ko mai gyara ya canja allon uwa (motherboard), ka kunna, shuɗin shafi ya tare ka yana neman lambobin.

Ni wannan ya taɓa cin aikina. Rasit-rasit na kasuwanci, takardun da na daɗe ina tarawa, da hotunan bikin ƙanwata waɗanda babu kwafinsu a ko'ina. Na koma shagon, aka ce yaron ya bar aiki, layinsa ba ya shiga. Na zaga wajen masu gyara, kowa ya duba sai ya girgiza kai, kuma gaskiyarsu ce, domin Microsoft da kanta ta faɗa cewa ba ta iya dawo da mabuɗin da ya ɓata. Ƙarshenta goge komai aka yi. Saboda haka idan na ga mutum ya miƙa sabuwar kwamfutarsa ya koma gefe yana danna waya, raina ɓaci yake. Haba jama'a! Za ka gina ɗaki ka bar wa birkila makullin ya tafi da shi? Zauna ka sa imel ɗinka da lambar wayarka da hannunka. A ranar, ka shiga account.microsoft.com/devices/recoverykey, ka kwafe lambobin da biro a takarda, ka ajiye inda kake ajiye takardun fili. Wasu na cewa a kashe BitLocker ɗin a huta. Ni ba na kashewa, don ana satar kwamfuta, kuma ba na son ɓarawo ya karanta abin da ke ciki. Abin da nake yi shi ne duk Juma'a bayan an sauko masallaci in kwafe muhimman abubuwa a hadis na waje, in zare shi in mayar cikin durowa.

Na biyu shi ne “a yi mata fomat a sa mata sabon Windows.” Wa ya ce na cikinta ya lalace? Tun zamanin Windows 8, wato 2012, kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo suke dasa lasisin a cikin allon uwar kwamfutar. Ka riga ka biya kuɗinsa cikin kuɗin na'urar. Amma sai a ɗauko filas ɗin da ya zaga kwamfuta ɗari, a goge na halal, a ɗora na sata, a kashe Defender, mai kashe bairos da ke zuwa da Windows, don kada ya kama manhajar da aka fasa lasisin da ita, kuma ka ƙara biyan kuɗin aiki kana godiya. Kafin kowa ya taɓa ta, shiga Settings, System, Activation ka gani da idonka. In har sai an sake ɗorawa, sauko da Media Creation Tool, manhajar da ke sa Windows a filas, daga shafin Microsoft, ka sami filas mai giga 8 wanda babu komai a ciki. Ka zaɓi irin wanda ta zo da shi, Home ko Pro, za ta gane lasisinta da kanta idan ta hau intanet. Filas ɗin nan kada ka ba da aronsa.

Wannan ya shafi ciniki ma. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa tana buƙatar na'urar tsaro ta cikin kwamfuta mai suna TPM 2.0 da, a ɓangaren Intel, injin (processor) zubi na takwas zuwa sama. Mai shago zai ce maka “Core i5 ce,” ya yi shiru a nan. Tambaye shi zubi na nawa. Tun kana tsaye a gabansa kuma ka shiga BIOS ka tabbatar babu kalmar sirri, don da yawa daga cikin na hannun nan tsofaffin kayan ofisoshi ne.

Sai wuta. Wasu kwamfutocin tebur da suka fito daga Amurka suna da ɗan jan makunni a baya, kusa da inda ake soka waya, an rubuta 115 da 230. Tamu wutar 230 ce. Idan yana kan 115 ka jona, ƙara ɗaya za ka ji sai warin ƙuna. Duba shi kafin ka taɓa soket. Cajar kwamfutar cinya ba ta da wannan matsalar muddin an rubuta 100–240V a jikinta, amma ta jabu mai sauƙin nauyi kamar babu komai a ciki tana kashe batiri. Ni ba na jona komai a lokacin da ake tayar da janareta ko a daidai sanda aka kawo wuta, sai ta ɗan zauna. Ta tebur kuwa ba na kunna ta babu UPS, na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke.

Sauran ƙanana ne. Kada ka tara manhajojin kashe bairos biyu ko uku, Defender ya isa mai amfani a gida. Direbobi, wato manhajojin da ke sa sassan kwamfutar aiki, ka ɗauko su daga shafin kamfanin da ya ƙera ta ta hanyar sa lambar da ke manne a ƙarƙashin kwamfutar, ba sai ka yi magana da kowa ba. Idan da datar waya kake hawa, kunna Metered connection a cikin Settings don kada sabuntawa ta lashe maka ita dare ɗaya, amma ka samu lokaci ka bar ta ta sabunta. In ta cinya ce, rubuta powercfg /batteryreport a Command Prompt, wajen rubuta wa Windows umarni, ka ga abin da ya rage wa batirin tun kana da bakin mayar da ita. Kada ka ɗora ta kan katifa ko darduma, ramukan iskarta a ƙasa suke, kuma lokacin hunturu ka riƙa rufe ta saboda ƙura. Yara ka buɗe musu nasu asusun daban wanda ba shi da ikon ɗora manhaja. Masu rubutu da Hausa kuma, ku daina kwafo ƙ da ɗ da ɓ ɗaya bayan ɗaya daga intanet. Windows tana da madannan Hausa a ƙarƙashin Time & language a cikin Settings, ku ƙara su, ku riƙa sauyawa da maɓallin Windows haɗe da dogon maɓallin tazara.