Yadda ɗan agaji zai tsara yininsa idan yana jiran kira a Kano

Ƙarfe biyu da rabi na dare, tsakiyar hunturu, aka kira ni wai gobara ta tashi a lungun bayanmu. Sai da na ɓata kusan kwata ina lalube a ɗaki. Tocila tana wurin yara, makullin babur yana aljihun rigar da aka jiƙa, waya kuma saura ƙiris ta mutu. Kafin in isa, matasan unguwa sun gama da bokitai. Horon da na samu bai amfani kowa ba a daren, domin ban gyara zamana ya dace da shi ba.

Ko da Red Cross kake, ko rundunar agajin Jama'atu, ta Izala, ta Fityanu, ko kwamitin unguwarku ne kawai, abu ɗaya ne: ba a fafe gora ranar tafiya. Ga yadda na ga ya fi tafiya daidai.

Fara da yanke lokacinka. Sabon shiga yakan ce wa shugaba, "Ranka ya daɗe, ko yaushe a kira ni." Maganar tana da daɗin ji, amma mai yin ta ba ya daɗewa. Zaɓi dare biyu ko uku a mako, ko yinin da ba ka fita kasuwa, ka sa a rubuta. Ka san wanda ke karɓarka da wanda kake karɓa. A ranakunanka kada ka yi nisa. Ɗaurin aure a Wudil ko ta'aziyya a Bichi, sai ka yi musaya da wani tun jiya, ba ranar da safe ba.

Sai mutanen gida, kuma nan ne aikin yake. Zauna da iyalinka da rana tsaka, ba lokacin da kake ɗaura takalmi ba. Ka gaya mata ranakun, ka nuna mata lambar shugabanku da ta abokin aikinka ɗaya, ku yi shawarar wanda zai kai yara makaranta idan gari ya waye ba ka dawo ba. Kuɗin cefanen gobe ka ajiye tun dare. Na san waɗanda suka bar aikin agaji ba don gajiya ba, sai don kowace fita tana jawo rigima a gida, kuma da ka bincika sai ka tarar ba a taɓa yi wa matar bayani ba.

Idan a gaban iyaye kake, nemi albarkarsu. Da na je wa mahaifiyata da maganar, abin da ta ce shi ne, "To Allah ya tsare, amma duk inda ka je ka bugo ka ce ka isa." Har yau ina bugawa. Mace 'yar agaji kuwa, gara ki daidaita da maigida ko su Baba tun farko a kan kiran dare: wa zai raka ki, ko kuwa dutin rana kaɗai za ki riƙa. Akwai gidajen da mace ce kawai za a bari ta shiga wurin mai naƙuda ko wadda ta ƙone, don haka ranarki ba ƙaramin amfani take yi ba.

Haka wurin sana'a. Yaron shago a Kwari ko Singa ba ya tashi ya bar wa maigida kaya a buɗe. Ka ce, "Alhaji, ranar Talata da Asabar ana iya nemana, ga wanda zai tsaya." Idan ya ƙi, mayar da dutinka dare.

Waya. Da zarar an kawo wuta, ita ce farkon abin da za ka soka, kafin fanka. Sayi fawa-bank, kuma kada ka ba da aronsa ranar duti. Layi biyu na kamfanoni daban sun fi ɗaya, kati ya zauna a ciki ko da na kira uku ne, don labarin gaggawa bai kamata ya dogara da data ba. Ba wa lambar shugabanku ƙara ta daban mai tsanani, ka kashe sautin sauran zaurukan WhatsApp, in ba haka ba barkwanci zai riƙa tashinka har ka daina kula. Ajiye 112 ta gaggawa, 122 ta jami'an kiyaye haɗura, da lambar 'yan kwana-kwana da ta ofishin 'yan sanda mafi kusa. Ka kuma rubuta su a takarda ka sa cikin jaka. A masallaci mayar da wayar girgiza, amma kada ka manta ka buɗe bayan sallama. Wannan mantuwar ta taɓa cin ni.

Jaka a wuri ɗaya, kusa da ƙofa, inda yara ba sa kaiwa. Safar hannu da yawa, bandeji, auduga, filasta, almakashi, takunkumi, tocila, ruwan leda biyu, ƙaramin littafi da biro, da 'yan canji. Rigarka da wando su kwana a rataye, makulli da katin shaida a aljihu. Takalmi rufaffe, ba silifa ba, saboda kwalba da ƙusa da garwashi. Gwada kanka wata rana da agogo a cikin duhu. Idan ka wuce minti uku, sake jera kayan. Dalilin gaggawar shi ne, wanda numfashinsa ya tsaya, ƙwaƙwalwarsa tana fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida.

Hanya. Tun da aka hana acaɓa ta haya a birni a 2013, da wuya ka fito tsakar dare ka sami abin hawa nan take. Mai babur ya sha mai tun yamma, ya ajiye shi yana fuskantar ƙofa. Marar abin hawa ya ƙulla da mai adaidaita ɗaya ko maƙwabci mai mota wanda ya yarda a tashe shi.

Sannan ka san asibitin da kowace matsala ta dosa. Asibitin Murtala yana nan Ƙofar Mata, na Malam Aminu Kano yana titin Zariya, karaya kuma akwai asibitin ƙashi na Dala. Bi hanyoyin da kanka, sau ɗaya da safe, sau ɗaya bayan la'asar, ka ga inda cunkoso ke riƙe mutum da lungun da za ka ɓulle. Ranar Juma'a ana tare wasu tituna saboda sahu. Ka san su. Ka je ka gaida mai unguwa da 'yan sintiri da rana, su san fuskarka, don kada a tsare ka da tambayoyi da dare kana riƙe da jaka. Yana da kyau ka san cewa dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar gaggawa, wata ta 2017 kuma ta wajabta duba wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Idan ta kama ka faɗa, faɗa da ladabi.

Barci da abinci. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Daren duti rage hira a majalisa, ka kwanta bayan isha'i. Shayi mai kauri da goro bayan magariba suna hana barci sa'o'i. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan azahar ta wadatar. Idan ta zarce za ka tashi jiki a mace. Tuwon dare kada ya yi nauyi. Kuma idan ka kwana a tsaye, kada ka hau babur da safe kana gyangyaɗi, mu ma mu zo ɗaukarka.

Tsarin yana sauyawa da shekara. Hunturu lokacin gobara ne, ana shiga da garwashi ɗaki, ana barin abin dafa ruwa a jone. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 ma cikin dare ta tashi. A Afrilu zafi yana haura maki 40, sai ka ƙara ruwa da gishirin ORS a jaka. Yuli da Agusta kuwa kududdufai sun cika, yara suna wanka, tsofaffin gine-ginen ƙasa suna zubewa. A azumi sa dabino da ruwa cikin jaka, don magariba tana iya riskarka a bakin titi. Makon hawan sallah kada ka yi wa kowa alkawarin ziyara.

Bayan ka dawo, kada ka taɓa yaro kafin ka wanke hannu da sabulu ka cire kayan. Mai jini a jiƙa shi daban. Rubuta lokaci, wuri, abin da ka tarar da abin da ka yi, ka tura wa shugaba. Hoton wanda ya ji rauni ba na zauren WhatsApp ba ne, sunansa kuma ba na majalisa ba ne. Idan abin da ka gani ya hana ka barci kwanaki, gaya wa wani babba a cikinku, ka nemi a ɗauke maka duti na ɗan lokaci. Babu ragwanta a ciki. Kafin ka kwanta, ƙirga safar hannun da ta rage, cike gurbin bandejin da ka yi amfani da shi, ka mayar da jakar wurinta.