Yadda Ake Bin Ƙa'idar Jirgin Sama da Kwastam kan Barasa a Cikin Kaya

Matafiyin da ke da barasa a cikin kayansa zai bi ta hannun hukumomi uku, kuma amincewar ɗaya ba ta ɗaure sauran: kamfanin jirgi, jami'an binciken tsaro, da kwastam na ƙasar da zai sauka. Ko wanda ba ya sha ya kamata ya san wannan ƙa'ida, domin ta shafi turaren kwalba, wanda galibi akwai sinadarin barasa a cikinsa, ta kuma shafi saƙon da ake damƙa wa mutum a bakin filin jirgi.

Da farko a juya kwalbar a duba adadin ƙarfin barasar da aka rubuta a jikinta, domin kamfanin jirgi tsoron gobara yake yi, kuma da wannan adadi yake aiki. Abin da bai wuce kashi 24 cikin 100 ba, kamar giyar inabi, ba a ƙidaya shi cikin kaya masu haɗari, iyakarsa nauyin da aka yarje wa fasinja. Daga sama da kashi 24 zuwa 70, an yarda da lita 5 kawai ga mutum ɗaya, a cikin kwalbarta ta asali da aka sayar da ita. Abin da ya haura kashi 70 kuwa ba ya shiga jirgi, a akwati ne ko a hannu. Turare da makamantansa suna da nasu ma'auni: kada kwalba ɗaya ta wuce rabin lita, jimilla kuma kada ta wuce lita 2, abin da masu sayo tsaraba kan manta.

A jakar hannu lamarin ya fi tsanani. Tun shekarar 2006, bayan an bankaɗo wani shiri na tayar da bam da ruwan sinadari a jiragen da ke tashi daga Birtaniya, yawancin filayen jirgi ba sa barin a wuce da mazubin da ya fi mililita 100, kuma girman mazubin ake dubawa, ko da abin da ya rage a ciki ɗan kaɗan ne. Abin da aka saya a shagunan filin jirgi marasa haraji yana iya wucewa, muddin yana cikin ledar da aka liƙe masa da rasidi a ciki. Idan akwai canjin jirgi a gaba, kada a yage ledar.

Kwastam kuma kowace ƙasa da nata. Amurka tana barin lita 1 ba tare da haraji ba ga wanda ya kai shekara 21. Mai shiga Tarayyar Turai daga waje yana da lita 1 na mai ƙarfi, da lita 4 na giyar inabi, da lita 16 na giyar hatsi. Wanda ya wuce adadin ya bi layin ja ya bayyana kayansa ya biya, maimakon ya bi layin kore na waɗanda ba su da abin bayyanawa a tare shi. Saudiyya da Kuwait sun haramta wa matafiyi shigowa da ita kwata-kwata, kuma hukuncin bai tsaya ga ƙwace kwalba ba.

A nan ne batun saƙo yake da muhimmanci, musamman ga maniyyata da masu zuwa Umara. Idan wani ya kawo ƙunshi a naɗe da salatif ya ce a miƙa wa ɗan'uwansa a Jidda, a buɗe shi a gabansa a duba kowace kwalba kafin a sa a akwati, ko da kuwa akwai jin nauyi a tsakani, domin jami'in kwastam sunan da ke jikin takardar akwatin zai kira.