Kurakuran da ake tafkawa wajen sayen monita da saita kalarta

Mutum zai zauna ya gama gyaran hoto tsaf a kwamfutarsa, sai ya tura waya ya ga fatar mutanen ciki ta koma ja-ja, ko a buga masa a takarda hoton ya fito da duhu, nan da nan sai ya ce ai monitar ce ba ta da kyau. Gaskiya sau da yawa lafiyarta ƙalau, saiti ne ya lalace, ko kuma tun wajen saye lambobin jikin kwali suka ruɗe shi.

Bari mu fara da wannan 1ms ɗin, wato milisakan ɗaya (kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa), da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a kwali. Lambar nan tana nufin lokacin da ɗigon sikirin yake ɗauka ya sauya daga wata kala zuwa wata, kuma kamfanoni sukan auna ta ne bayan sun ƙure wani saiti da ake kira obadiraib har ƙarshe, saitin da in ka kunna shi haka za ka riƙa ganin wata farar inuwa tana bin duk abin da ya motsa a allon. Ka bar shi a matsakaici, yawanci nan ne ya fi tsafta. Sannan wannan lambar daban take da jinkirin da ke tsakanin ka motsa linzami da abin ya bayyana a allo, wanda shi ne hannunka yake ji in kana buga gem, kuma shi ba a cika rubuta shi a kwali ba sam.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne mutum ya sayi monita mai 144Hz, wato mai sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa, ya yi ta amfani da ita a 60Hz bai sani ba. Windows ba kullum take ɗaga wannan da kanta ba, sai ka shiga saitin allo ka zaɓa da hannunka. A 60Hz kowane hoto yana zama kusan milisakan 16.7 kafin na gaba ya zo, a 144Hz kuma kusan 6.9, bambancin ko jan linzami ka yi za ka gan shi. In ka duba ba ka ga 144 ɗin a jerin ba, zargi kebul ko ramin da ka soka shi, domin tsohon HDMI 1.4 alal misali 30Hz kawai yake iya bayarwa a 4K. Gwada DisplayPort. Kuma a kunna FreeSync ko G-Sync in akwai, su ne ke hana hoto tsagewa gida biyu.

Irin gilashin allon ma a kula, akwai TN, VA, IPS da OLED. TN yana da sauri amma da ka ɗan karkata kai kala ta canza, bai dace da aikin hoto ba ko kaɗan. VA baƙinsa baƙi ne na gaske, sai dai yakan ja jela a wuraren duhu. Mai aikin kala ya nemi IPS, ko OLED in da hali. Girma kuwa, inci 27 a 1080p ɗigo kusan 82 ne a kowane inci, rubutu zai yi garas-garas in kana kusa, a 1440p ya kai kusan 109.

To yanzu maganar kala, nan ne ainihin inda ake shan wahala. Mutane suna ɗauka wadda ta fi yawan kala ita ta fi daidai, alhali ba haka ba ne. Kusan duk hotunan intanet da sRGB aka yi su, ma'aunin da HP da Microsoft suka fito da shi a 1996. In monitarka mai faɗin kala ce irin DCI-P3 ko Adobe RGB, kuma manhajar da kake kallo da ita ba ta san da zancen ba, sai ta shimfiɗa kalar sRGB a kan wancan babban filin, ja ya yi jawur, kore ya yi shar fiye da kima, ido ya ji daɗi amma ƙarya ce kake gani. Kai kuma sai ka rage kalar hotonka don ya daidaita, a wurin kowa ya fito a koɗe. Maganinsa ka sa monitar a yanayin sRGB in aikin intanet kake yi.

Haske ma haka. Daga kamfani ake ƙure shi don monita ta ja ido, wasu sukan haura 250 ko 300 a ma'aunin haske na nit, alhali masu gyaran hoto kusan 120 suke aiki da shi, masu buga takarda ma ƙasa da haka. Allo mai tsananin haske shi ke sa ka dusashe hotonka ba ka sani ba. Farin allo a sa shi 6500K, wato D65, saitin gamma (yadda haske ke hawa daga baƙi zuwa fari) kuma 2.2. A kashe duk wani saiti mai ƙara armashi ko mai canza haske da kansa, a kashe Night Light na Windows yayin aiki, don shi rawaya yake zuba wa komai.

Akwai wani ɓoyayye da ba kowa ya sani ba. Wani lokacin in ka haɗa da HDMI, katin hoto yakan ɗauka talabijin ce sai ya riƙa tura matakan haske daga 16 zuwa 235 maimakon 0 zuwa 255, baƙi ya koma toka-toka kamar an yi wa allon hazo. Shiga manhajar NVIDIA ko AMD ko Intel ka mayar da shi cikakke (Full), wato 0 zuwa 255.

Sai batun saitawa da ido. Ido ba abin yarda ba ne a nan, saboda sabawa yake yi, ka kalli allo mai shuɗi-shuɗi na ɗan lokaci ƙwaƙwalwarka za ta ce maka fari ne fat. Wanda kala ce sana'arsa ya nemi ɗan na'urar awon kala da ake rataya wa a fuskar allo, irin na Calibrite ko Spyder na Datacolor, ga kuma DisplayCAL manhaja ce ta kyauta da ke aiki da irinsu. Ita za ta auna ta haɗa maka fayil ɗin ICC, wato bayanin kalar monitarka da kwamfuta za ta bi, kuma in sakamakon Delta E, ma'aunin kuskuren kala, ya yi ƙasa da 2 to da wuya ido ya gane kuskuren. Don Allah kar ka sauko da ICC ɗin wani daga intanet wai ai monitarku iri ɗaya ce, ko daga layi ɗaya suka fito a masana'anta ba sa zama daidai.

Kafin awon ka bar monitar a kunne kamar minti 30 ta ɗumama, ka goge ta, kar hasken taga ko ƙwan fitila ya riƙa dukan fuskarta. Bayan ka gama kuma kar ka ƙara taɓa maɓallan haske, in ka taɓa awon ya tashi aiki sai an sake. Fitilar cikinta tana tsufa a hankali, shi ya sa masu aiki da ita kullum suke maimaita awon duk wata ɗaya ko biyu.